Masu Ɗora Takalmi a Ka

Ƙamus na Turanci ne ke fara yaudarar mai koyon Japananci. Sai ya jero masa aikatau huɗu ya ce duk ma'anarsu sanya kaya, alhali a Japan riga kiru ake yi mata, wando da takalmi haku, hula kaburu, tabarau kuwa kakeru. Bahaushe dai bai kamata ya buɗe baki ba, shi da ke naɗa rawani ya kafa hula, uwargida ta ɗaura zane ta yafa gyale. Amma a nan ake gane halin kowa a aji.

Akwai Sarkin Caca. Kalmar da ta fara zuwa bakinsa ita yake jefawa, in ta faɗi daidai falillahil hamdu. Shi ne zai shaida wa malama, fuska a sake, cewa yau da safe ya yi wa takalminsa kaburu, wato ya kifa shi a ka ya fito. Kakarsa ma bai bari ba: aru yake ba ta, kalmar "akwai" ta tebur da kujera, maimakon iru ta masu rai.

Kusa da shi Malam Jadawali yake zaune, kuma shi ya fi ba ni tausayi. Littafinsa cike da kibiyoyi masu launi uku: ageru in kyauta ta fita daga wurinka, kureru in ta nufo ka ko naka, morau in kai ne mai karɓa. Ya haddace tsaf, ya ci jarrabawar Japananci ta matakin N5 a watan Disamba ba gargada. Amma maƙwabciya ta miƙo masa lemo a bakin ƙofa, sai ya ƙame, ido a sama, leɓe na motsi, yana laluben inda kibiya ta dosa. Kafin ya gano kureru ce, baiwar Allah ta rusuna sau biyu ta shige gida.

Ɗan Zame shi ba ya wahalar da kansa, suru, wato "yi", yake liƙa wa komai, a wuce wurin.

Sai Ɗan Anime, wanda ya koyi harshen a bakin jaruman zane masu faɗa da dodanni. Cin abinci a wurinsa kuu ne, kalmar samari 'yan ta-kife, ko a gaban tsohon farfesa. Taberu ta kowa da kowa ta yi masa sanyi, itadaku ta ladabi kuwa bai taɓa jin gwarzonsa ya furta ba. A tambaye shi me zai yi ranar Lahadi, maimakon wakaranai, ban tsai da shawara ba, sai ya yanko shiranai, wadda a kunnen mai tambaya take kama da "ni ina ruwana".

Dukansu kuma mutum guda ke ƙara musu ƙarfin gwiwa: tsohuwar nan mai shagon unguwa. Ko hula ka ce ka zura a ƙafa, za ta tafa hannu ta ce kai, Japanancinka ya yi kyau.