Tiyatar Kunama a Nima

A Japan, inda wasan airsoft ya samo asali a shekarun 1970, manya kan kwance bindigar wasa su gyara kunamarta, don da ɗan taɓi ta tofo ƙwayar roba mai milimita 6.

A unguwannin Nima da Maamobi kuwa, injiniyoyin ba su haura shekara goma ba. Da kuɗin barka da Sallah suke sayo bindigar wasa 'yar Sin, su tsuguna bakin kwata da ƙusa da robar ɗaure kuɗi, a shiga tiyata. Kafin la'asar kunama ta yi laushi har tana harbi daga cikin aljihu.

Cinyar injiniya ke fara sha, sai akuyar maƙwabta. Harbi na uku kuma daga hannun Hajiya yake fitowa, da muciyar tuwo.