Kare ma fasinja ne

Masana tafiya da kare a Turai sun ce a tanadi ɗamarar kujera, kwanon ruwa da katin rigakafi, kuma a riƙa tsayawa kare ya miƙe ƙafa. Shawara ce mai kyau. Aibinta ɗaya, ba a gwada ta tsakanin Tchirozérine da Arlit ba. A wannan hanya ta uranium direba ba ya zaɓen wurin tsayawa, ramuka ne ke zaɓa masa. Taya ta fashe, kowa ya sauka, kare ya miƙe ƙafa har ya ƙoshi. Ashe mai karen ne ke bukatar shiri. Karen Azawak dogo ne, siriri, ya saba bin raƙuman Buzaye a tsakar rana. Ubangidansa kuwa tun hayaƙin kamfanin SONICHAR na Tchirozérine bai ɓace ba yake tambayar inda za a dafa shayi.

Za a ce, to jandarma fa? Gaskiya ne, kare ba shi da katin ɗan ƙasa. Sai dai a shingen bincike shi kaɗai ne ba ya laluben aljihu. Wani kuma zai ce malamai sun ce kwanon da kare ya lasa sai an wanke sau bakwai. Hujja ce mai nauyi, musamman inda mutum goma ke raba jarka ɗaya. To, a saya masa kwanonsa. Akuyar da ke ɗaure a saman kaya tun daga Agadez take kuka, kuma har yanzu ba wanda ya kai ƙararta.