Sama Ta Minti Ɗaya da Rabi

A tsibiran Orkney da ke arewacin Birtaniya akwai ƙananan filayen jirgi biyu, Westray da Papa Westray, tsakaninsu kilomita 2.7 kacal. Tun 1967 kamfanin Loganair ke jigila a nan, da ɗan jirgi mai cin fasinja takwas. Tafiyar ba ta wuce minti biyu, kuma an taɓa yin ta cikin daƙiƙa 53 da iska ta ba da haɗin kai. Kafin ka idar da addu'ar tafiya, matuƙi ya fara laluben wurin sauka. Ba shayi, ba biskit, balle gyangyaɗi. Ɗalibai da malamai na hawa, don teku ce a tsakani. Matsoraci kuwa sai ya sauka tukuna yake samun sararin tsorata.