Ilimin Kunzugun Jariri: Tsumma, Nafkin, Famfas da Aljihun Maigida

Kunzugun jariri shi ne duk abin da ake ɗaura wa yaro daga ƙugu zuwa cinya domin ya tare abin da yaron bai riga ya koyi riƙewa ba. Iri uku ne a ƙasar Hausa. Akwai tsumma, wanda ake yagowa, da nafkin, wanda ake wankewa, da famfas, wanda ake jefarwa. Aikinsu ɗaya ne, kuma idan bukata ta taso jariri ba ya tambayar wanne aka sa masa. Manya ne suke bambantawa, kuma a kan wannan bambanci ake auna arzikin gida da wayewar matar gida da ƙoƙarin maigida.

Asali

Tsumma shi ne mafi daɗewa. Ba sayensa ake yi ba, matsayi ne da atamfa take kaiwa a ƙarshen rayuwarta. Takan fito daga Kantin Kwari a matsayin ankon biki, ta sauko ta zama kayan zuwa unguwa, ta koma zanin girki, sannan zanin goyo. Idan ta sha wanki har zanenta ya ɓace, ta yi laushi, sai a yayyaga ta a miƙa wa jariri.

Nafkin kuwa farin ƙyalle ne mai kaurin tawul, wanda ake ninkewa kusurwa uku a kama da fil, a ɗora wandon roba a kai. Irin fil ɗin nan mai marufi wani Ba'amurke ne, Walter Hunt, ya yi masa rajista a 1849. A 1946 wata mata a Amurka, Marion Donovan, ta gaji da wankin zanin gado, ta yanka labulen banɗaki ta ɗinka wandon da ruwa ba ya ratsawa. Daga baya ta kai wa kamfanoni shawarar a yi kunzugun takarda na jefarwa, manyan kamfanonin suka ce ba su ga bukatarsa ba. Sai da wani injiniyan kamfanin Procter & Gamble, Victor Mills, ya ɗanɗani canza wa jikansa nafkin, sannan bukata ta bayyana, aka fito da Pampers a 1961. Darasin a fili yake: matsalar da mata suka shekara dubbai suna fama da ita takan samu magani cikin gaggawa da zarar ta taɓa hannun namiji.

Lissafin fili

Sabon jariri yana bukatar canji sau takwas zuwa goma a yini, adadin yana raguwa yayin da yake girma. Idan aka ɗauki shida a matsayin tsaka-tsaki, shekara guda za ta ci famfas 2,190, shekara biyun shayarwa kuma 4,380. Kowanne sau ɗaya ake amfani da shi. A ɗaya ɓangaren, nafkin dozin biyu da wandon roba kaɗan sun isa su kai yaro yaye, ƙaninsa ya gada, wani lokaci har ƙanin ƙanin. Ba a taɓa jin an raba gadon famfas ba.

Tazarar ta ƙara faɗi daga 2023. A ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira ta nemi matsayinta a kasuwa, ta kuwa same shi can ƙasa. A Disamba Procter & Gamble ya sanar da cewa zai daina sarrafa kaya a Najeriya, ya koma shigo da su. A 2024 Kimberly-Clark, mai Huggies, shi ma ya tattara komatsansa daga masana'antarsa ta Ikorodu. Molfix na kamfanin Hayat na ƙasar Turkiyya, mai masana'anta a Agbara ta jihar Ogun, yana cikin waɗanda suka rage a fage. Da yake yawancin kayan haɗin daga waje ake sayo su, jaririn da ke kwance a Kurna ko Ɗorayi, wanda ko wuyansa bai tsaya ba, ya zama mai ruwa da tsaki a farashin dala na Wapa. Duk nishin da ya yi, canjin ranar ake bi a biya.

Lissafin ɓoye

Da a nan lissafi ya tsaya, da nafkin ya cinye gasar tun kafin a fara. Amma nafkin yana da masu bin sa bashi guda huɗu: ruwa, sabulu, rana da hannu.

Ruwa shi ne na farko. A unguwar da famfo ya koma wurin ɗaure akuya, kowace jarka daga kurar ɗan garuwa take fitowa, shi kuma ya san gidan da aka yi haihuwa tun kafin dangi na nesa su ji. Nafkin yana son a kakkaɓe shi, a jiƙa, a wanke, a ɗauraye sau biyu ko uku, domin ragowar sabulu yana cin fatar yaro. Sai garin sabulu, da ɗan Hypo don farin ya dawo, da gawayin ɗumama ruwa. Rana kyauta ce, amma ba ta da alkawari. A hunturu nafkin yakan bushe kafin a gama shanya na ƙarshe, sai dai ya sha ƙura ya ƙandare. A markar watan Agusta kuwa, dozin biyu sukan ƙare a kan igiya a jiƙe, a koma ɗaura wa yaro ɗankwali.

Hannu shi ne babban mai bin bashi, kuma shi kaɗai ne ba a rubuta shi a takarda. A kwana arba'in na farko ba a jin nauyinsa, saboda tsohuwar da ta zo wankan jego tana nan, ga ƙanwar mai jego an turo ta taya aiki. Ranar da aka yi arba'in, tsohuwa ta karɓi turmin atamfarta da sabulunta ta tafi, ranar ce ainihin farashin nafkin yake fitowa. Wannan ya sa mafi yawan magoya bayan nafkin maza ne. A majalisa za a ji maigida yana cewa, "Iyayenmu da tsumma suka raine mu, ga mu nan garau." Magana ce ta gaskiya, sai dai mai faɗinta yakan san kuɗin famfas har kwabo, bai san inda bokitin jiƙo yake a gidansa ba. Idan matar ta ce, "Baban Ummi, famfas ya ƙare," yakan amsa da tarihin magabata. Idan ta ce, "To riƙe min ita in wanke," tarihin yakan katse, a tuna ana jiransa a waje.

Harajin idon jama'a

Akwai wani kuɗi na biyar wanda ba mai shago ne yake karɓa ba. Igiyar shanya ita ce takardar kasafin kuɗin gida, kuma a buɗe take ga duk wadda ta shigo gaisuwa. Jerin fararen nafkin a tsakar gida sanarwa ce, matan unguwa kuma ba sa bukatar a fassara musu. Ba za a ce komai a gaban mai gida ba, sai an fita zaure: "Ke, wance har yanzu nafkin take yi? Ina ce mijin nata ma'aikaci ne?"

Ranar suna ce babbar jarrabawa. Cikin kayan barka, ƙaton ƙunshin famfas ya fi kowane kaya daraja, domin ba ya shiga jaka, dole a rungumo shi kowa ya gani tun daga bakin layi. Wadda ta kawo nafkin dozin guda ta kawo abin da zai yi shekara biyu yana aiki, amma za a yi mata godiyar da ake yi wa wanda ya ba da shawara. Wadda ta kawo abin da zai ƙare cikin mako biyu ita za a riƙa ambata har a yi yaye.

Rukunan masu amfani

Daga haɗuwar waɗannan lissafai aka samu rukunai shida.

Na farko 'yan famfas zalla. Su ne waɗanda albashi ko kasuwa ta tsaya musu, da kuma waɗanda ba ta tsaya musu ba amma haihuwar fari ce. Masu haihuwar farin sukan sauya sheƙa a haihuwa ta uku.

Na biyu 'yan raba-daidai, kuma su ne mafi rinjaye. Nafkin da rana, famfas da dare. Akwai kuma famfas na fita, wanda ake ajiyewa a saman sif domin ranar rigakafi a asibiti, da biki, da ziyarar gidan surukai. Yaron irin wannan gida yakan gane za a je unguwa tun kafin a ɗauko mayafi.

Na uku masu tsawaita wa'adi. A wurinsu famfas ɗaya daga asuba yake kamawa har isha'i. Ana auna shi da tafin hannu lokaci-lokaci, a yanke hukunci cewa "bai cika ba". Garin da ke cikinsa yana shanye ruwa ninkin nauyinsa da yawa, saboda haka yaro yakan yini yana tafiya da talla a bayansa. Abin da aka tara ta wannan hanya yakan ƙare a kemis, wajen sayen man shafawa na ƙurajen da zaman danshi ya haifar.

Na huɗu 'yan ɗai-ɗai, masu aiken yaro shago ya karɓo guda biyu. Su ne suka fi kowa biya da tsada a kan kowane guda, kuma sunan jaririnsu yakan shiga littafin bashin mai shago kafin ya shiga rajistar haihuwa.

Na biyar 'yan nafkin ɓoye. Suna wankewa da dare, su shanya a uwar ɗaka ko a lulluɓe da zani a kan igiya. Da haka sukan yi asarar rana, wadda ita kaɗai ce kyauta a cikin harkar, kuma ita ce mai kashe wari da fitar da tabo.

Na shida sababbin shiga ne, 'yan nafkin zamani mai maɓallai da zanen 'yan dabbobi, wanda ake tallarsa a Instagram da WhatsApp. Ana wanke shi kamar yadda kaka take wanke tsumma, amma da yake da tsada aka saye shi, kuma injin wanki ne ko 'yar aiki take fama da shi, ba a kiransa rashi. Sunansa kare muhalli.

Tsarki da baƙi

Malaman mazhabar Malikiyya sun yi wa mai shayarwa rangwame a kan abin da ya taɓa tufafinta daga jariri matuƙar tana ƙoƙarin kiyayewa, kuma sun so ta keɓe zanin salla. Wannan rangwame bai haɗa da baƙo mai farar shadda ba. Shi ya sa idan aka miƙa wa kawu jariri, tafin hannunsa yake fara bincike kafin bakinsa ya fara addu'a. Idan ya ji ƙarar famfas, sai ya ɗora yaro a cinya ya yi ta sa albarka. Idan ya ji laushin tsumma, addu'ar takan gajarta, a miƙa yaro da hannu biyu a miƙe.

Makoma

Nafkin idan ya tsufa yakan koma abin goge daɓe. Famfas kuwa leda ce da gari mai kumbura, ba ya ruɓewa cikin daminar nan ko ta baɗi. Ana ƙulle shi a baƙar leda, daga nan hanyoyinsa uku ne: bola, kwata, ko tsallaken katanga zuwa kangon maƙwabci. Duk wanda ya sayi fili a cikin unguwa bai gina ba yana da hannun jari a wannan harka ko bai sani ba. Wanda ya shiga kwata yakan sha ruwa ya toshe magudana, idan ruwan sama ya shigo gidaje a taru a bakin layi a zagi gwamnati.

Kammalawa da fo

Hanya mafi arha duka ita ce wadda tsofaffi suka sani: uwa ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta ɗora yaro a kansu a lokutan da ta lura yana yi, har ya saba, daga nan a wuce zuwa fo. Gidan da ake wanki yakan fi saurin koyar da wannan darasi, domin malamar ita ce mai wankin.

A taƙaice, nafkin ya fi sauƙin kuɗi ga gidan da yake da ruwa kusa, da filin shanya, da hannu fiye da biyu masu yarda su shiga bokiti, da kunnen da ba ya jin maganar zaure. Inda ɗaya ya ɓace a cikin huɗun nan, ana biyan bambancin, ko da naira ko da bayan matar gida. Ranar da yaro ya nemi fo da bakinsa ake rufe babin kunzugu, a buɗe na kuɗin makaranta, wanda har yau ba a ƙirƙiro irinsa na wankewa a sake amfani da shi ba.