Zuwa Ga Hajiya Tanka, Mai Kai Ruwa Duniyar da Ba Rijiya



Ina fatan tayoyinki takwas suna lafiya, ko da yake har yanzu a kan takarda kike, gefen tabon shayin da ya zube ranar Asabar. Ni ne alƙalin wasan da ya zana ki, na kuma zo miki da ƙarar abokan wasana.

Kin san Traveller muke yi, wasan teburin nan da Marc Miller ya fitar a 1977, inda ake zama da fensir da takarda da ƙwayar lido biyu, kowa ya zama matafiyin sararin samaniya. A dokarsa kowace duniya tana da lambar da ke nuna yawan ruwanta, daga sifili zuwa goma. Na jefa ƙwaya, tamu ta fito sifili. Ko kududdufi babu. Dalilin haihuwarki ke nan.

Da na shimfiɗa zanenki a tabarma, tambayar farko ita ce, "Ina bindigarta?" Wani ya ce a sa miki fukafukai. Ba wanda ya tambayi nauyinki, alhali nan ne gizo ke saƙar. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Lita 20,000 da na zuba miki tan 20 ke nan, tun ba a lissafa ƙarfen jikinki ba. Mai wayon cikinsu ya ce to a mayar da duniyar kamar Mas, inda jan ƙasa bai wuce kashi 38 cikin ɗari na namu ba. Na ce ya yi, taya za ta huta, amma birki bai ga hutu ba. Tan 20 in ya ɗauki gudu, tsayar da shi aiki ɗaya ne a kowace duniya, kuma can tayar ma ba ta kama ƙasa sosai.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ki yi rabi. Ruwan da bai cika tanki ba ya dinga kai-komo ke nan, direba na taka birki ya zo ya daki gaba, a kwana kuma ya kwanta gefe guda ya nemi kifar da ke. Shi ya sa tankokin gaske suke da shingayen ƙarfe masu huji a cikinsu. Kwana biyu na yi ina zana naki. Su ne abin da na fi alfahari da shi a jikinki, kuma ba mahalukin da zai taɓa ganinsu.

Abokan wasan sun kawo min hujja wai a 2023 hukumar NASA ta ce tashar sararin samaniya ta iya maido da kashi 98 cikin ɗari na ruwan da 'yan sama-jannati ke sha, har da gumi da fitsari, to mene ne amfaninki? Na ce kashi biyun da ke salwanta fa, a garin mahaƙa ma'adinai mai cike da jama'a, wa zai kawo shi? Ko Frank Herbert, da ya sa wa mutanen Arrakis rigar tatsar gumi a littafinsa Dune na 1965, bai hana masu tallar ruwa yawo a titin Arrakeen ba.

Daga ƙarshe ɗan garuwan layinmu na nuna wa hotonki, mutumin da ke tura kura mai jarka 12, kilo 300 in kowace lita 25 ce. Ya dube ki ya ce, "Malam, wa ake fara ba wa? Kuma ina take rubuta bashi?" Sai na yi tsit. Yanzu haka na ƙara miki littafin bashi a gaban direba, da famfo shida maimakon ɗaya saboda rikicin layi.

Ki shirya, Hajiya. Asabar mai zuwa tayarki ta baya za ta fashe a tsakiyar hamada, ƙauyuka uku na jira, ruwan kuma ƙauye biyu kawai zai isa. Bindigar ma na sa miki, 'yar ƙarama, don a bar ni in sha iska. Kada ki bari ta harbi tankin.

Naki har kullum,
Alƙalin Wasa