Ni da sikelin ɗakina

Ban taɓa rigima da mai nama a kan awo ba, ko da ya ɗora yatsa a gefen faranti ina kallo. Sikeli ɗaya nake tuhuma a duniya, wanda ke gaya min nauyina.

Saboda shi na zama masanin awo ƙarfi da yaji. Na san abu biyu ake nema a wurin ma'auni: ya faɗi gaskiya, sannan in an sake tambayarsa kada ya canja magana. Yana iya yin na biyun ya kasa na farkon. Sikelin da allurarsa ta kauce daga sifili zai riƙa ƙara maka kilo 2 kullum, ba fashi. Na yi ta addu'a Allah Ya sa nawa irinsa ne. Na auna ruwa a jarka na ɗora masa, tunda lita ɗaya kilo ɗaya ce. Ya ci jarrabawa, ɗan banza. Na canja masa batir, bai sauya ra'ayi ba.

Sai na koma dabara. Ba na hawa sai da asuba kafin koko, domin abinci da ruwa kan ɗaga nauyin mutum da kilo ɗaya ko biyu a yini. Ina ɗauke shi daga kan tayil zuwa kafet, inda laushi ke rikita shi. Har zobe nake cirewa, alhali giram ɗari-ɗari yake ƙirgawa, bai ma san da zoben ba. In abin ya faskara sai in ɗan dafa bango. Lambar da ta fi ƙanƙanta ita nake rubutawa, sauran kuma kuskuren na'ura ne.

Rannan na kawo wa uwargida babbar hujja. Na ce ai shi kansa asalin kilo, curin ƙarfen da aka killace a kusa da Paris tun 1889, an gano ya saɓa da kwafinsa da kimanin maikirogiram 50, har aka yi masa ritaya a 2019. Ta tambayi nawa ne hakan. Na ce bai kai ƙwayar gero ba.

"To Malam, wannan teɓar fa, ƙwaya nawa ce?"

Shi tela bai san Faransa ba, bai san batir ba. Ya zagaya ni da tef ɗinsa, ya ce kaftanin sallar bana sai na ƙaro yadi.