Jinjina ga Mai Rainon Ƙarfe Har Ya Yi Furfura

Allah ya ja zamanin Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, uwar dogo, haifaffiyar 1955, garkuwar tsofaffin taragu, inuwar gajiyayyun injina, wadda ba ta taɓa duban tsabar idon kan jirgi ta ce masa ya tsufa ba. A wasu ƙasashe marasa tarbiyya, da zarar tarago ya yi ƴan shekaru yana bauta sai a sallame shi, a kawo wani mai sheƙi, ba ko sannu da aiki. Mu nan mun san girman na gaba.

A dubi siririn dogon da Turawa suka shimfiɗa, wanda ya iso Kano tun 1911. Daga Legas zuwa Kano kilomita 1,126 ne, kuma da aka farfaɗo da jigilar fasinja a kansa a Disambar 2012, jirgin ya riƙa cinye wannan tafiya cikin sa'a talatin da ɗoriya, idan ya yi gaggawa ke nan. Takun manya! Wa ya taɓa ganin sarki yana gudu? Fasinja zai yi sallolinsa biyar cif a hanya, ya kwana, ya tashi, ya san asalin maƙwabcin kujerarsa har kaka da kakanni, mai rabo ma ya sami surukai kafin a iso Zariya. Jirgin sama, duk da tsadarsa, bai taɓa ƙulla irin wannan zumunci ba.

Mahassada na cewa ba a sayen sabo. Ƙarya suke yi, ana saye, kuma da buɗaɗɗen hannu. A 1995 gwamnatin Janar Abacha ta ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar sama da dala miliyan 500, har da kawunan jirgi 50. A 2010 aka ƙaro 25 ƙirar General Electric. Sai dai baiwar hukumar ba a saye take ba, tana wajen tsofar da sabo. Furfurar da injin wata ƙasa zai shekara arba'in bai samu ba, namu yakan same ta tun yana ƙamshin fenti, albarkacin kamun kai da ake nunawa wajen sayen kayan gyara. In wani ya kwanta, sai kanikawa su kwance sassan ɗan'uwansa su ɗaura masa, shi ma ɗan'uwan ya samu ya huta. Kowa da rabonsa na hutu, wannan shi ne adalci.

Da aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a Yulin 2016, kilomita 186 na faffaɗan dogo, mun ji tsoron kada zamani ya ɓata mana gado. Ashe tarbiyya ba ta ɓata. A Nuwambar 2020 sababbin kawunan jirgin suka riƙa tsayawa a tsakiyar daji, har ministan sufuri Rotimi Amaechi ya fito yana ba da haƙuri. Haƙurin me, ranka ya daɗe? Yaro ya ɗauki halin manya tun da ƙuruciya, ai tukwici ya kamata a bayar.

Gwarzon gwaraza kuwa shi ne na Legas zuwa Ibadan, ɗan gata, sha lallashi, wanda aka ƙaddamar a Yunin 2021. Bai cika shekara ba, a Maris ɗin 2022, mai ya ƙare masa a hanya, ya tsaya cak cikin natsuwa da kwarjini, fasinjoji suka sauko suka sha iskar daji kyauta, har aka kawo masa dizal a durom. Ko sisi ba a ƙara musu a kuɗin tikiti ba.

Yanzu ga dogon Kano zuwa Maraɗi ana shimfiɗawa. Roƙonmu ga mahukunta shi ne, ranar da sababbin taragunsa suka sauka, a damƙa wa uwar dogo su tun suna cikin leda, don ƴan'uwanmu na Nijar su ma su samu nasu kason na tsayuwar daji tsakanin Daura da Jibiya.